Ƙoƙon Zinariya: A Hannun Wa Yake?

Wata Laraba da yamma, bayan mun tashi daga nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'armu da ke Zuru, wani saurayi cikin 'yan ƙungiyar matasa ya biyo ni har gindin darbejiyar da na jingine babur. Takarda ce a hannunsa, ya ja layi ya raba ta biyu. A dama ya rubuta Irmiya 51:7 da Ishaya 29:10, a hagu kuma Wahayin Yahaya 17:2 da Yakubu 1:13. Ya ɗan rusuna ya ce, "Baba Malam, ka gafarce ni, abin nan ya hana ni barci. Nan an ce Allah ne ya shayar da duniya har ta bugu. Nan kuma an ce wata karuwa ce ta shayar da ita, Allah kuwa ba ya jarabtar kowa da mugunta. To ƙoƙon nan a hannun wa yake?"

Tambayar da ta hana mutum barci ba a sallamarta a tsaye, ana haramar tayar da babur. Na karɓi takardar na ce ya ba ni mako guda. Na kuwa san ba shi kaɗai ke tuntuɓe a nan ba. Akwai masu ɗauko waɗannan ayoyi don su nuna littafin yana ƙaryata kansa, akwai kuma namu masu wa'azi da ke tsallake su da sauri kamar mai tsallake kwata, gudun kada wani ya ɗaga hannu. Na ga ya fi kyau a zauna a warware su zare-zare.

Mu jera su yadda suke, ba tare da an shafa musu mai ba. Irmiya 51:7 ta ce Babila ƙoƙon zinariya ce a hannun Ubangiji, ta sa duniya duka ta yi maye, al'ummai suka sha ruwan inabinta suka haukace. A sura ta 25 maganar ta fi haka zafi: Allah ya miƙa wa annabin ƙoƙon fushinsa ya ce ya zaga da shi cikin al'ummai, in ma sun ƙi karɓa a faɗa musu shan nan ba fashi. A 13:13 ya ce zai cika sarakuna da firistoci da annabawa da duk mazauna Urushalima da maye. Ishaya 29:9-10 kuma ta yi maganar mutanen da suka bugu ba da ruwan inabi ba, suna tangaɗi ba su sha barasa ba, domin Ubangiji ya zubo musu ruhun barci mai nauyi, ya rufe idanunsu.

A ɗaya gefen, Wahayin Yahaya 17 ta nuna wata mace a kan jar dabba, ta sha ado da zinariya da lu'ulu'u, da ƙoƙon zinariya a hannunta cike da ƙazanta, sunanta Babila Babba, mazauna duniya sun bugu da ruwan inabin fasikancinta. A 19:2 aka ce ita ce ta lalata duniya. Habakuk 2:15 ta yi kaito ga mai shayar da maƙwabcinsa har ya bugu don ya kalli tsiraicinsa. Yakubu 1:13-14 ta ce kada wanda ake jarabta ya ce Allah ne, sha'awar mutum ce ke jansa. Sai ga Farawa 6:12, wadda saurayin bai ma rubuta ba, tana cewa 'yan Adam da kansu suka lalata tafarkinsu a duniya. Waɗanda ake tuhuma sun zama uku ke nan: Allah, Babila, da mutum da kansa.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne ranar da aka yi kowace magana da kuma abin da ke faruwa a gari. Irmiya 25 tana da kwanan wata a bakinta: shekara ta huɗu ta sarautar Yehoyakim sarkin Yahuza, wadda ita ce ta fari ta Nebukadnezzar sarkin Babila, wato 605 kafin haihuwar Almasihu. A shekarar ce rundunar Babila ta ragargaza ta Masar a Karkemish, a bakin kogin Yufiretis, daga nan kuwa ƙananan ƙasashen yankin suka zama kamar kaji a gaban shaho. A 597 aka kwashe sarkin Yahuza da manyan gari zuwa bauta, a 586 aka ƙone Urushalima da Haikali. Annabin da kansa ya faɗi abin da ke cikin ƙoƙon: a 25:16 ya ce za su yi tangaɗi su haukace saboda takobin da za a aiko a cikinsu, a aya ta 27 ya ce su sha, su bugu, su yi amai, su faɗi ba tashi. Wannan ba giyar biki ba ce da ake lallashin mutum ya ɗanɗana. Siffa ce ta garin da yaƙi ya ci. Duk wanda ya ga mutanen ƙauyukan Danko-Wasagu sun shigo Zuru da tabarmi a ka bayan an tashe su cikin dare, ana tambayar mutum sunan 'ya'yansa yana kallonka kamar bai ji ba, ya san akwai tangaɗin da ba ruwansa da ƙoƙon burukutu. Ban ce abin da ya same su hukunci ne ba, Allah ya sawwaƙe in faɗi haka. Siffar kawai nake nufi, wadda annabin ya ara.

Saboda haka maye a bakin Irmiya hukunci ne da ya biyo bayan laifi. Ba shi ne ya haifi laifin ba. A farkon surar ya ce shekara 23 ke nan yana yi musu gargaɗi ba su ji ba. Jerin masu shan ma abin lura ne. Urushalima ce ta fari, birnin da ake kira da sunan Allah, sannan Masar, da Filistiya, da Edom, da Mowab, da Taya, har zuwa sarakunan nesa. Na ƙarshe a layi wani ne da aka kira sarkin Sheshak. Babu wata ƙasa mai wannan suna. Zaurance ne irin na Ibraniyawa: haruffansu 22 ne, sai a musanya na farko da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, haka har tsakiya. In aka bi da sunan Babila ta wannan hanya, Sheshak ke fitowa, kuma Irmiya 51:41 ta jera sunayen biyu kafaɗa da kafaɗa. Wato ƙoƙon da aka shayar da duniya da shi, shi ma zai sha. A sura ta 25 ɗin dai, aya ta 9 ta kira Nebukadnezzar bawan Allah, aya ta 12 ta ce bayan shekara 70 za a hukunta Babila saboda muguntarta. Tsakaninsu aya biyu kacal. Marubucin bai ga wani karo a nan ba, domin a wurinsa sandar da aka yi horo da ita ba ta zama mai gaskiya don an ɗaga ta. Ishaya 10 ta faɗi haka game da Assuriya: sandar fushin Allah ce, amma ita a zuciyarta ba hukuncin Allah take nufi ba, ganima take nema.

A 539 Babila ta faɗa hannun Sairus na Farisa. Daniyel 5 ta ba da labarin daren: Belshazzar sarkin Babila ya tara manyansa dubu, ya sa aka kawo kwanonin zinariya da aka kwaso daga Haikalin Urushalima, suka sha giya a ciki. Gari bai waye da shi ba.

Yanzu mu tsallaka wajen shekara 600 zuwa tsibirin Fatmos, inda Yahaya ya ga wahayinsa. Tun ƙarni na biyu Ireniyus, bishop na Liyon, ya ce an ga wahayin nan ne a ƙarshen mulkin Domitiyan, sarkin Roma, wato wajen shekara ta 95 bayan haihuwar Almasihu. A lokacin tsohuwar Babila ta daɗe da zama kufai, ba wanda ke tsoronta. Yahaya ya ari sunan ne ya laƙaba wa wani birni, ya kuma bar alama: tuddai bakwai a 17:9, da babban birnin da ke mulkin sarakunan duniya a 17:18. Galibin masana suna ganin Roma ake nufi, wadda ita ma ta rushe Haikali a shekara ta 70. Yahaya kuwa ya san Irmiya kamar yunwar cikinsa. Irmiya 51 ta ƙare da ɗaura wa littafin annabcin dutse a jefa a Yufiretis, Wahayi 18:21 ta nuna mala'ika ya ɗauki dutse kamar na niƙa ya jefa a teku. Mutumin da ya haddace surar har wannan matsayi ba mantuwa ya yi ba da ya cire ƙoƙon daga hannun Ubangiji ya sa a hannun macen. Da gangan ya yi, domin abin da ke barazana ga ikilisiyoyinsa bakwai na Asiya ya sha bamban da na zamanin Irmiya. Tsoron takobi yana nan, amma abin da ya fi ci musu rai shi ne daɗi: ciniki, da muƙami, da shiga ƙungiyoyin sana'a waɗanda ke cin abincin gumaka, da ɗan turaren da za a ƙona wa Kaisar a zauna lafiya. Irmiya ya kalli daula ya ga bulala. Yahaya ya kalli daula ya ga mai jan hankali.

Duk da haka bai fitar da hannun Allah daga maganar ba. A Wahayi 16:19 Allah ya tuna da Babila ya ba ta ƙoƙon fushinsa. A 18:6 aka ce a dama mata ninki biyu a cikin ƙoƙon da ta dama wa wasu. A 17:17 aka ce Allah ne ya sa a zukatan sarakunan su cika nufinsa, su juya wa macen baya su cinye ta. Inda ya fi burge ni shi ne sura ta 14. A aya ta 8 akwai ruwan inabin Babila, a aya ta 10 akwai ruwan inabin Allah, kuma kalmar Helenanci guda ce aka siffanta su da ita, tumos. Kalmar tana ɗaukar zafin sha'awa, tana kuma ɗaukar zafin fushi. Masu fassara zuwa wasu harsuna sukan rasa yadda za su yi da ita, amma Bahaushe bai kamata ya sha wuya ba, tunda da kalmar zuciya muke cewa son zuciya, da ita kuma muke cewa wane ya yi zuciya. Abin da Yahaya ke nunawa shi ne mai kurɓar na farko, na biyun yake kurɓa bai sani ba. Ƙoƙon guda ne, samansa zaƙi, abin da ya kwanta a ƙasa kuma shi ne hukuncin. Zabura 75:8 ma ta ce mugayen duniya za su shanye har gindin ƙoƙon.

Irin wannan wasa da kalma yana nan a Farawa 6, kuma a nan ne Hausa ta yi mana gata. Daga aya ta 11 zuwa ta 13 saiwar kalma guda ta Ibrananci, shahat, ta fito sau huɗu. Sau uku tana nufin duniya ta lalace, mutane sun lalata tafarkinsu. A na huɗu Allah ne ke cewa zai lalata su tare da duniya. Wahayi 11:18 ta yi haka da Helenanci: lokaci ya yi da za a hallaka masu hallaka duniya, fi'ili ɗaya sau biyu. 1 Korintiyawa 3:17 ma haka: wanda ya ɓata haikalin Allah, Allah zai ɓata shi. Mu a Hausa kalmar lalata tana da fuska biyun nan. Ana lalata gona, ana lalata inji, ana kuma cewa an kama wane yana lalata. Da wannan kalma guda za ka iya faɗin Wahayi 19:2 gaba ɗaya: ta lalata duniya da lalatarta. Don haka in aka tambaya wa ya lalata duniya, mutum ko Allah, sai a ce mutum ya lalata ta da ma'ana ta farko, Allah ya tabbatar masa da aikinsa da ma'ana ta biyu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Zinariyar ƙoƙon ma ba ado kawai ba ce a cikin maganar. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da idonsu. A 2010 ne aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Dutsen da ake haƙowa don zinariya cike yake da dalma. Ana kawo shi gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ke tsakiyar gari, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da sauran masu agaji su shawo kan lamarin. Iyayen nan talauci ne ya kai su, ba na ɗora musu laifin Babila. Abin da nake so a gani shi ne arzikin da gubar a dutse ɗaya suke, turmi ɗaya ya daka su. Wanda ya karanta Wahayi 18:12-13 zai ga kayan da ke shiga kasuwar Babila: an fara da zinariya da azurfa, aka bi da siliki, hauren giwa, kirfa, alkama, shanu, dawakai, aka rufe da jikunan mutane da rayukansu. Ɗan Adam ne a ƙarshen lissafi, bayan dabbobi. Maye ke nan a wurin Yahaya: mutum ya kai inda yake ganin wannan jeri daidai ne.

Da ayoyin sun tsaya a nan, da na ce wa saurayin ya je ya yi barcinsa. Amma Ishaya 29:10 ba ta lanƙwasuwa da sauƙi haka, kuma ba na son irin wa'azin da ke goge ta. A nan ba yaƙi ake siffantawa ba, makantar zuciya ce, aka kuma ce Ubangiji ne ya zubo ta. Bulus ya ɗauko ayar a Romawa 11:8 bai rage mata kaifi ba. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne a duba abin da ke kewaye da ita. Ishaya 29:9 ta fara da cewa mutanen su makantar da kansu su makance, kafin a ambaci hannun Allah a ta 10. Sura guda a baya, a 28:7-8, firist da annabi suna tangaɗi da giya ta gaske, teburansu duk amai. A 29:13 suna girmama Allah da leɓe zuciyarsu tana nesa, a aya ta 15 suna ƙulla shawara a duhu suna cewa wa ke ganinmu. Wato sun daɗe suna runtse ido kafin a rufe shi. Haka labarin Fir'auna yake a Fitowa: wani wuri an ce shi ya taurare zuciyarsa, wani wuri an ce Ubangiji ya taurare ta. Haka Romawa 1, inda sau uku aka ce Allah ya sallama su ga abin da suke so. Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka, ya koyar cewa zunubi kan zama horon zunubi.

Inda Kiristoci suka rabu shi ne nauyin da za a ba kowane gefe. Masu bin koyarwar Jan Kalbin sun fi jaddada cewa rufe idon aikin Allah ne na gaske, yana yinsa bisa adalci. Masu bin hanyar Arminiyus da Jon Wesli sun fi jaddada cewa Allah janye hannunsa yake yi ya bar mutum da zaɓinsa. An kwashe fiye da shekara 400 ana wannan muhawara, ba ni zan kashe ta a Zuru ba. Ni dai na fi karkata ga cewa Yakubu da Ishaya tambayoyi biyu suke amsawa. Yakubu yana magana da mutumin da ke neman wanda zai ɗora wa laifinsa, sai ya ce masa duba cikinka. Ishaya yana magana da shugabannin da ke ganin za su yi wasa da gaskiya su dawo gare ta ran da suka ga dama, sai ya ce musu ƙofar ba a hannunku take ba. Mashayi ma yakan ce ai duk ran da na so zan bari. Mun binne da yawa da wannan magana a bakinsu. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan ƙulli sarai, domin maganar ƙaddara da zaɓin bawa malamansu ma sun daɗe suna tattauna ta.

Akwai kuma wani maye na uku da matasa suka fi kawowa, wanda ake kira buguwa cikin Ruhu. Tun abin da ya faro a wata majami'a a Toronto ta Kanada a 1994, inda mutane ke faɗuwa suna dariya suna tangaɗi a cikin sujada, al'adar ta bazu har ta iso wasu tarurrukan farkawa a ƙasar nan. Hujjarsu Ayyukan Manzanni 2 ce da Afisawa 5:18. Sai dai a Ayyukan Manzanni masu ba'a ne suka ce almajiran sun sha sun bugu, Bitrus kuwa musawa ya yi, ya ce yanzu fa ƙarfe tara na safe ne, sannan ya yi wa'azi mai tsari yana jawo Yowel da Zabura, har mutum wajen 3,000 suka tuba. Bugagge ba ya wannan. Afisawa kuma ta ce kada a bugu da ruwan inabi domin a cikinsa akwai shashanci, a cika da Ruhu. Kalmar da aka fassara shashanci 'yar'uwar wadda aka yi amfani da ita ce a Luka 15:13 kan ɗan nan da ya watsar da gadonsa. Abin da ya biyo bayan cika da Ruhu a ayoyi 19 zuwa 21 shi ne waƙa, godiya, da yi wa juna biyayya. Galatiyawa 5 ta sa buguwa cikin ayyukan jiki, ta sa kamun kai cikin 'ya'yan Ruhu.

Kada dai a ce siffar ba ta da asali sam. Waƙar Waƙoƙi 5:1 ta gayyaci masoya su sha su ƙoshi da ƙauna, kuma tsohuwar fassarar Helenanci da ta Latin ta Zabura 23:5 ta ce ƙoƙon nan mai bugarwa ne, inda mu muke karanta cewa ya cika har yana zuba. Ambros, bishop na Milan da ya rasu a 397, ya yi maganar buguwa mai natsuwa. Murna ce da ta fi ƙarfin mutum amma ta bar masa idonsa a buɗe. Ni da wannan ma'auni nake auna kowane taro: in mutum ya tashi daga ƙasa ya je ya biya bashin da ya daɗe yana ɓoye wa, na yarda wani abu ya sauko masa.

Maganar ido ita ce ta kai ni ga sashen da ban yi niyyar shiga ba, wato cin hanci, domin shi ma yana da nasa ayoyin masu kama da karo. Fitowa 23:8 da Maimaitawar Shari'a 16:19 sun hana karɓar toshiya, dalili kuwa tana makantar da mai gani. Amma Karin Magana 17:8 ta ce toshiya kamar dutsen sa'a ce a idon mai ita, duk inda ya juya sai nasara. 21:14 ta ce kyauta a ɓoye tana kwantar da fushi. Na taɓa jin wani ɗan kwangila ya kafa hujja da wannan yana dariya. Ya manta cewa karin magana faɗin yadda duniya take ne, ba umarni ba. In Bahaushe ya ce kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, ba yaba wa gardi yake yi ba. Ita 17:8 ɗin ma ta ce a idon mai ita, wato yadda shi yake gani. A sura ta 17 ɗin dai, aya ta 23, aka ce mugu ne ke karɓar toshiya daga ƙarƙashin riga don ya karkatar da shari'a. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ishaya ne ya ɗaure akuyoyin biyu a turke ɗaya. A 5:22-23 ya yi kaito ga jarumawan shan giya, gwanayen haɗa barasa, waɗanda ke wanke mai laifi don toshiya su hana mai gaskiya haƙƙinsa. Karin Magana 31:4-5 ta hana sarakuna sha don kada su manta doka su danne haƙƙin talaka. A sura ta 29 ɗin nan mai wuya, aya ta 21 ta bayyana su wane ne bugaggun da ba su sha ba: masu mai da mutum mai laifi da kalma guda, masu ɗana tarko ga mai faɗin gaskiya a ƙofar gari inda ake shari'a. Mu ma muna da sunan abin. Giyar mulki muke cewa, da giyar kuɗi, kuma muna faɗin haka ga mutumin da bai taɓa kusantar gidan burukutu ba. Ana iya rufe gidajen giya a gari kaf, a bar wannan tana tafasa a ofis da fada, har ma da ɗakin da dattawan majami'a ke ƙirga baiko.

Larabar da ta zagayo na mayar wa saurayin takardarsa, muka bi ayoyin ɗaya bayan ɗaya tare da wasu mutum shida da suka tsaya, har duhu ya fara. Da muka zo Ishaya 51:22, inda Ubangiji ya ce wa Urushalima ga shi ya karɓe ƙoƙon tangaɗi daga hannunta, ba za ta ƙara sha ba, sai ya ɗago kai ya ce, "To Baba Malam, da aka karɓe, ina aka kai shi?" Na nuna masa aya ta gaba, wadda ta ce an sa shi a hannun masu azabtar da ita. Wani dattijo da bai ce uffan ba tun da muka fara, tsohon soja ne, ya gyara zama ya ce, "Ɗana, buɗe Matiyu 26:39." Yaron ya kunna fitilar wayarsa ya nemo wurin, inda Yesu ya faɗi rubda ciki a Getsamani yana roƙon a ɗauke masa ƙoƙon nan in mai yiwuwa ne. Ya karanta a zuci, ya sake karantawa, sannan ya ninke takardarsa ya sa a tsakanin shafukan ya rufe littafin.